Furen da Ba Shi da Uba

A ƙofar zauren coci a Mutare, wani tsoho yana gadin teburin ƙungiyar masu renon furen okid. Kwat ɗinsa ta ga jiya ta ga yau, farcensa baƙi ƙirin da gawayin tukwane. Sekuru Gwenzi ake kiransa, wato Kaka Gwenzi. Yana ta leƙen hanya, da alama mutuwa ta kwashe rabin 'yan ƙungiyar, wasu kuma sun yi fushi sun koma shuka kabeji. In ba sabon jini, masu koyon rawa za a ba zauren.

Sai ga wata budurwa rungume da tukunya, fure ya yi shar, amma ba ɗan allon suna mai nuna asalinsa. A dokarsu kuwa, fure mara suna ba ya hawa teburi.

"Wa ya haife shi?" in ji tsohon.

"A kanti na saya, Sekuru."

Ya waiga, ya zare allon tukunyar shugaban ƙungiyar, wanda ke gyangyaɗi a gefe, ya soka a tata.

"To, ya samu uba. Wuce ciki, jikata, kafin mushen nan ya farka."