Shirun Inna Cigiya

A cikin gidan rediyon Inna kawai ake ce mata, daga maigadi har manaja. A gari kuwa sai an ƙara da Cigiya kafin a gane wadda ake nufi, don shekara ashirin da shida ke nan ita ke karanta sanarwar cigiya kowace safiya da zarar an gama labarai. Wanda akuyarsa ta tsinke, wadda ta manta jaka a motar haya, ɗalibin da ya yar da takardunsa, tsohon da ya fita shan iska ya kasa gane hanyar gida, duk a bakinta ake jin labarinsu. Gidan rediyon na jama'a ne, ba a karɓar ko sisi a kan cigiya, kuma da wannan Inna take taƙama fiye da komai.

Da farko takardu take bugawa a wani ɗan ofis da ke ƙarƙashin matakala. Ita ke karɓar cigiya a hannun mutane, ta buga, ta miƙa wa mai karantawa. Wata safiya mutumin ya makara, aka leƙa ko'ina ba kowa, aka ce to ke da kika buga, shiga ki karanta. Ta shiga ta karanta. Tun daga ranar kujerar ta zama tata, a ɗan ɗakin nan mai soso a bango da jar fitila a saman ƙofa, da gilashin da ya raba ta da Injiniya, wanda ke zaune a ɗaya gefen yana murɗa maɓallai yana tsokanarta da ido.

Inna tana da wata ɗabi'a a aikinta da ba wanda ya koya mata a ofis. In ta karanta lambar wayar mai cigiya sai ta yi tsit, ta ƙirga goma a zuci, sannan ta maimaita. Mijinta ne ya jawo, tela ne, rediyonsa ba ta mutuwa a shago. Shekarun baya ya dawo gida ya ce mata, "Ke wai korarki ake yi a wurin nan? Kafin in ajiye almakashi in lalubo alli kin kai akuya ta uku." Ta ji haushi ƙwarai, ta ce in ya iya ya je ya karanta. Amma da gari ya waye sai ta tsaya bayan lambar farko, tana hango shi yana laluben allinsa a cikin ƙyallaye. Haka shirun ya samo asali, kuma a ranta shi ne rabin aikin.

A farkon bana Manaja ta tara ma'aikata a ɗakin taro. Matashiya ce mai tabarau, mai saurin magana, kuma wallahi tana da kirki. Kowa ya shigo jiki a sanyaye, don an daɗe ana raɗe-raɗin za a rage mutane. Sai ga labari mai daɗi: wata gidauniya ta amince ta tallafa wa tashar har shekara uku. Ba za a sallami kowa ba, za a sayi sabbin kayan aiki, ga sabon jadawalin shirye-shirye, har da shirin manoma da aka daɗe ana roƙo. Inna ta sa yatsa tana bin jadawalin layi-layi har ta ga Cigiya a wurinta, ba a taɓa mata ko minti ɗaya ba. Ta tafa har tafinta ya yi ja.

Ranar Litinin ɗin da aka fara aiki da sabbin kayan, ta zauna, jar fitila ta kama, ta karanta cigiyar wani keke, ta faɗi lamba, ta yi shiru kamar kullum. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Sai kiɗa ya ɓarke mata a kunne, irin mai sa yara tsalle. Inna ta zabura har kofin ruwanta ya kusa kifewa. Ta galla wa Injiniya harara ta cikin gilashi, shi kuwa ya ɗaga hannu biyu sama.

Tana fitowa ta tsaya a kansa. "Kai, da ni kake wasa yau?"

"Wallahi Inna ba ni ba ne, sabuwar na'urar nan ce. In ta ji shiru ya wuce daƙiƙa huɗu sai ta ɗauka tasha ta ɗauke, ta sako kiɗa da kanta."

"To ka gaya mata ni ce."

"Ai ba ta san ki ba, baƙuwa ce."

"Baƙuwa, kuma take katse wa manya magana? Amma dai an sayo mara kunya."

Ta hau sama wurin Manaja. Manaja ta miƙe ta ba ta kujera, ta saurare ta har ƙarshe, sannan ta cire tabarau ta murza ido. "Inna, na gane. Amma na'urar nan tana rubuta duk shirun da aka yi, kuma masu tallafi suna duba rahoton kowane wata. A wurinsu shiru a rediyo lalacewa ce. Don Allah ki taimake ni, ki riƙa jero lambar sau uku ba tare da kin tsaya ba. Ai duk ɗaya ne."

Inna ta san ba ɗaya ba ne, amma yarinyar nan ta yi wata shida tana faɗi tashi kafin a samu tallafin, kuma albarkacinta kowa ya tsira da aikinsa. Ta ce to.

Mako biyu tana jero lamba sau uku kamar mai karatun hadda. Mijinta ya gwada rubutawa don ya gani, ya zo mata da wani ƙyalle mai lambobi goma sha biyar a kai. "Kin gani? Ban san inda ta farko ta ƙare ba ta biyu ta hau kanta." Mutanen da suka saba dawowa su ce an dace suka ragu, wasu kuma suna kiran ofis suna tambayar lambar da aka faɗa ɗazu. Abin ya tsaya wa Inna a rai, abinci ma sai ta tura. Ta gaya wa mijin a fili: "Malam, in wata ya ƙare a haka zan miƙa musu shirin. Ni ba zan zauna ina karanta wa iska lamba ba. In ba zan jira mutane ba, me nake yi a wurin?"

"Ke ɗin? Kwana uku za ki yi a gida ki fara karanta mana cigiyar cokula."

Ko murmushi ba ta yi ba, sai ya gane da gaske take.

Saura kwana biyar wata ya ƙare, wata mata ta zo da sassafe, ido a kumbure, ta ƙi ba kowa takardarta sai Inna. Mahaifinta ne ya fita kwana biyu ke nan. Ya tsufa, kansa yakan rikice, ba ya tuna sunansa, amma in an ce Direba yana waiwayowa, don shekara arba'in ya yi yana tuƙa babbar mota. Yana sanye da riga ruwan toka, akwai tabon ƙuna a bayan hannunsa na hagu. Inna ta riƙe hannun matar ta ce ta je ta zauna kusa da wayarta.

Da cigiyar tsohon ta buɗe shirin. Ta karanta a hankali, ta faɗi lamba, sai bakinta ya tsaya da kansa, tsohon sabo. Nan take ta tuna da mara kunyar nan da ke jiran daƙiƙa huɗu. Haushi ya taso mata. Biro na hannunta, sai ta shiga buga shi a kan tebur tana ƙirgawa, ƙwas, ƙwas, ƙwas, kamar mai jan kunnen yaro. Huɗu ta wuce, biyar, shida, kiɗa bai zo ba. Na'ura ta ji motsi ta ɗauka magana ce. Har goma Inna ta kai, ta maimaita lambar. A bayan gilashi Injiniya ya kifa kai a tebur, kafaɗunsa na rawa don dariya. Ranar duk lambar da ta karanta sai da ta buga mata goma.

Manaja ta sauko da saurinta. "Inna, mece ce wannan ƙwanƙwasar? Na ɗauka wata waya ce ta kwance."

"Ni ce. Ba shiru na yi ba, ki duba rahotonki."

Manaja ta ce rediyo ba wurin kafinta ba ne, amma a bari sai gobe su zauna su yi magana.

Washegari Inna ta iso ta tarar da mutum uku a kan bencin baƙi. Matar jiya ce, sai wani tsoho mai tabo a hannu yana kallon fankar sama, sai wata dattijuwa siririya, ɗankwalinta duk ƙura. 'Yar tsohon ta faɗa jikin Inna tana kuka tana dariya. Ta ce wannan baiwar Allah mai shara ce a tashar mota, ita ta kira. Kwana biyu Baba yana zaune a gindin wata babbar mota, yana cewa jira yake a gama lodi.

Manaja da Injiniya suka fito jin hayaniya. Mai shara ta buɗe tafin hannunta ta nuna musu, lambar tana nan da shuɗin biro, manya-manya a karkace, ta gangaro har wuyan hannu. "Ni rubutuna a hankali ne, Yaya," ta ce wa Inna. "Jiya ina jin an ce Direba na yar da tsintsiya, ga shi ba abin rubutu, sai da na fizgi biron mai yankan tikiti. Sai na ji ƙwas, ƙwas. Na ce Allah sarki, matar nan jirana take."

Inna ta juya ta dubi Manaja. Manaja ta gyara tabarau ta tambayi Injiniya ko za a iya sa na'urar ta yi haƙuri a lokacin cigiya kawai, ita za ta yi wa masu tallafi bayani. Ya ce aikin minti biyu ne, umarni yake jira.

"To a mayar wa Inna shirunta," in ji Manaja.

"Wane shiru?" Mai shara ta tsoma baki. "Wannan da rediyo take ɗaukewa bayan lamba? Kai, ku dai gyara shi! Shekara da shekaru ina ɗauka batir ne, in ta dukan rediyona har sai ta dawo. Biyu na fasa a haka."

Inna ta nemi gefen benci ta zauna. Ashe duk shekarun nan da take ƙirga goma tana jiran mutane, akwai waɗanda ba su taɓa sanin jiransu ake ba. Kunya ta kama ta, tausayi ya biyo, sai kuma dariya ta ƙwace mata har da hawaye. Ta kamo hannun mai shara, mai lambar nan, ta riƙe gam.

"Ki yafe mini rediyo biyu, 'yar'uwa. Ni ce, ba batir ba."

Injiniya ya leƙa agogo ya ce saura minti uku, ya je ya gyara na'urar ko kuwa? Inna ta share ido da bakin mayafi ta ce ya ƙyale baƙuwa, ta fi ta gaskiya, ita buga bironta za ta ci gaba da yi. Ta miƙe, ta tattara takardunta, a bakin ƙofa ta waiwayo.

"Manaja, a cikin tallafin nan naku a sayo mini biro kwali guda. Wannan ba zai kai ƙarshen mako ba."