Furen Maigida a Kan Darbejiya

Maigidana malamin sakandare ne, yana koyar da kimiyyar tsirrai. A farkon shekarun tamanin aka tura shi kwas na wata uku can Kudu. Na sa rai zai dawo mini da atamfa, sai ya dawo da ambulan guda, da kuma wata irin tafiya ta masu ilimi, hannu a baya.

Ya buɗe ambulan ɗin a tsakar gidanmu na Bulumkutu, yana riƙe numfashi. Na leƙa, ban ga komai ba sai wani gari kamar kwalli.

"Irin okid ne," in ji shi. "Sarauniyar furanni. A daji mai duhu take fitowa, a jikin manyan itatuwa, inda raɓa ba ta bushewa. Ba ta taɓa ƙasa."

Na ce, "To Malam, mu da raɓa ko a mafarki ba ma ganinta?"

Ya ce matsalar mutanen garin nan ke nan, kowa tunaninsa bai wuce yakuwa da kuɓewa ba. Yakuwar da yake zagi kuwa ita ce a cikinsa tun rana.

Ya bayyana mini cewa irin ba ya ɗauke da abincinsa kamar wake ko gero. A daji wata funfuna ce ke ciyar da shi, a gida kuma sai an dafa masa abinci an zuba a kwalba mai tsabta. Mutumin da bai taɓa dafa ko shayi ba ya shiga madafata. Ya kwashe kwalabena na man gyaɗa, ya tafasa su a tukunyar tuwo, ya dama ayaba da sukari da ruwan kwakwa da wani farin gari da ya zo da shi. Ya zuba a kwalabe goma sha biyu, ya barbaɗa irin a ciki, ya jera su a ɗakin baƙi, ya hana kowa shiga. Yayata ta zo daga garin Biyu, a tabarma ta kwana a falo, kwalabe na kan gadonta.

Bayan mako biyu kwalaben suka yi tsiro, amma ba irin wanda ake jira ba. Wata ta yi gashi fari, wata baƙi, wata kore. Funfuna dai ta samu, sai dai irin ta tsohon burodi ce. Ya ce laifin masu ɗauke wuta ne. Ya sake gwadawa, ya ce laifin ruwan famfo ne. A karo na uku ya ce na cika soya albasa.

Da irin ya kusa ƙarewa, ya yanke shawarar mayar da shi mazauninsa na asali. Ya hau darbejiyar da ke mana inuwa, ya shafa sauran garin a wani reshe, ya naɗe da tsumman buhu. Kullum sau uku yana hawa da buta. Watan Afrilu ne, kafin ya sauko tsumman ya bushe. Maƙwabta suna leƙe ta katanga, wata ma ta tambaye ni a asirce ko an yi masa sammu ne.

Damina ta wuce, sai ga ganye ya ɓullo a jikin reshen. Shekara ta zagayo, ya fitar da furanni jajaye sirara kamar ashana. Ranar Malam bai ci abinci ba don murna. Ya gayyaci shugaban makarantarsu da fasto da malamai huɗu, ya sa ni na soya cincin. Ya sa kwat a cikin wannan zafi, yana ta jawabi da Turanci a gindin bishiya.

Ana cikin haka wani dattijo daga Khaddamari, wanda ke kawo mini albasa da tumatur, ya yi sallama. Ya gaishe mu da yarensu, ya ce, "Wushe," ya ajiye kwandonsa, ya ɗaga kai ya bi inda kowa ke kallo.

Ya ce, "Malam, kauci ya kama maka bishiya. Kashin tsuntsu ke kawo shi. Ka sare reshen tun bai shanye ta ba."

Fasto ya ƙware da zoɓo. Shugaban makaranta ya shiga duba agogo. Ni kuwa na ruga madafa, na toshe bakina da zane har hawaye.

Da baƙi suka watse na ce, "Malam, a kawo gatari?"

Ya ce, "Wannan tsohon aji nawa ya yi a makaranta?"

Bai sare ba. Ya ce wani nau'i ne na gida da masana ba su kai ga ganowa ba, har ya rubuta wa wata jami'a wasiƙa, ba su amsa ba. Kaucin ya bi reshe bayan reshe, tsuntsaye na taya shi aiki. Cikin shekara huɗu darbejiyar ta bushe ƙarau, muka koma zaman rana, yara na cin abinci a bakin ƙofa suna bin inuwar katanga.

Ranar da masu faskare suka zo, ya tsiri tafiya taro a makaranta, ko da yake hutu ake. Itacen dai ya yi mini girki har Kirsimeti.