Kalli-Nan da Ɗan Giwa

Na fara ganinsa ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, da ƙarfe bakwai saura kwata na safe, a tagar ofishina da ke bakin ƙofar gandun daji. Aikina a wurin shi ne rubuta duk motar da ta shiga, da mutanen cikinta, da lokacin da suka fito. Ya tsaya rungume da jakar kyamara kamar mai jego, ya ce, "Malam Akawu, wata tambaya don Allah. A littafin nan naka, akwai wanda ka taɓa rubuta shigarsa ba ka rubuta fitarsa ba?"

Na ce babu, cikin shekara goma sha ɗaya.

"To, Allah ya sa kada a fara a kaina."

Mai hoto ne. Yana da shago a cikin gari, ɗaki ɗaya mai shuɗin labule da kujera guda da fitilu biyu. Shekara talatin yana ɗaukar hoton fasfo da na 'yan makaranta da na jarirai. Ana ce masa Kalli-Nan, domin ba abin da ya fi fita daga bakinsa kamar wannan. A wurinsa, hoton da ba a ga idon mai shi ba ɓarnar takarda ne. Yaron da ya ƙi kallonsa kuwa yana da maganinsa, wata 'yar ƙararrawa da ba ta barin aljihunsa na gaba. Sai ya durƙusa daidai tsayin yaron, ya kaɗa ta, yaro na waiwayowa ya danna.

Manajanmu ne ya ɗauko shi, don yana son sababbin hotunan dabbobi a allon bakin titi, kuma Kalli-Nan ne ya ɗauki hoton 'ya'yan Manaja tun suna cikin zanen goyo. Kalli-Nan bai taɓa ganin naman dajin da ya wuce zomo ba. Ni kuma aka ce in bi shi in riƙa rubuta lokaci da wurin kowane hoto. Gaskiya ɗaya ce, duk daɗewata a ƙofar nan sau biyu na taɓa shiga ciki, kuma ban ji daɗin ko ɗaya ba.

Dogo direba, wanda shi ne kuma ja-gaban baƙi, ya tsayar da mu kafin mu hau motar, buɗaɗɗiya mai benci biyu a baya.

"Doka uku ce, Baba. Ba sauka, ba ihu, ba gudu."

"In ba sauka, ɗana, gudun na mene ne?"

"Na wanda ya karya ta farko."

Ba wanda ya yi dariya sai Dogo.

Muna shiga Kalli-Nan ya fara addu'a, bai tsaya ba sai dai ya canza wata. Reshe ya taɓa masa hula, ya kwanta a kan cinyata. Da gwaggon biri ya yi tari a kan bishiya, ni ma sai da alƙalamina ya faɗi. Ga abin da na rubuta: bakwai da arba'in, barewa shida, sun juya baya. Takwas da biyar, ɓauna, ta juya baya. Takwas da rabi, mugun dawa, wutsiya kawai.

"Dabbobin nan ba su da tarbiyya," in ji Kalli-Nan. "Kowa sai ya ba ka ƙeya."

Dogo ya ce, "Ka gode wa Allah, Baba. Ranar da ɓauna ta ba ka fuska, ba kai za ka wanke hoton ba."

Abu ɗaya na lura da shi. Hannunsa na karkarwa kamar mazari, amma da zarar ya ɗora ido a kyamara sai ya tsaya cak. Tsoron yakan fita daga jikinsa gaba ɗaya, sai ka ce yana cikin shagonsa.

Tara da minti goma muka iske giwaye a bakin tafki. Dogo ya kashe mota, ya ɗora yatsa a leɓe. Manyan suna hagu, can Dogo ya zuba ido. A dama kuwa, kamar taku ashirin daga gare mu, wani ɗan giwa ne ke wasa da laka shi kaɗai, ya juya mana baya. Na sunkuya in rubuta lokaci. Da na ɗago, babu kowa a gefena.

Yana ƙasa. Ya yi taku biyar daga motar ya durƙusa daidai tsayin ɗan giwar, ido a kyamara, hannun hagu cikin aljihu. Na buɗe baki zan kira shi. Sai na ji ƙararrawar.

"Kalli nan! Yawwa, yaron kirki."

Ɗan giwar ya waiwayo. Kyamara ta yi ƙyas. A daidai nan kurmin da ke bayansa ya tsage, uwar ta fito.

Ban san abu mai girma haka yana da sauri ba. Kunnuwa a buɗe, ƙasa na girgiza har cikin haƙorana, ga wata ƙara da har yau ban sami abin kwatanta ta ba. Dogo bai taɓa makullin mota ba. Da murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Baba, kada ka tashi. Ka ji ni? In ka tashi, shi ke nan. Malam, kai ma rufe bakinka." Ashe salati nake da ƙarfi ban sani ba.

Ta ja birki a kansa, ƙura ta lulluɓe shi. Yana nan a durƙushe, ya sauke kyamarar, kuma a lokacin ne ya ga inda yake. Na ga wuyansa ya jiƙe sharkaf da gumi. Ƙararrawar na hannunsa, hannun na rawa, tana ta ƙara da kanta.

"Sake ta, Baba. Buɗe hannunka kawai."

Yatsun sun ƙi buɗuwa. Giwar ta miƙo hanci, ta shinshina hularsa, ta bi kafaɗarsa har zuwa hannun. Sannan ta make shi sau ɗaya, kamar mai korar ƙuda. Ya faɗi can gefe, ƙararrawar ta yi tsalle cikin laka ta yi shiru. Ta tsaya tana kallonsa. Agogona ya ce minti biyu, ban yarda da shi ba. Daga nan ta juya, ta tura ɗanta gaba, suka shige kurmi.

Ni da Dogo muka ɗauko shi. Yana numfashi, idonsa biyu. Abin da ya fara cewa shi ne, "Ɗana, na karya ta farko. Amma ban yi gudu ba."

"Ƙafarka ce ta ƙi, Baba, kada ka yi mana alfahari," in ji Dogo, hawaye na zubo masa.

An same shi da karaya biyu a hannun hagu da haƙarƙari uku. Ya yi mako shida a asibiti. Hannun ya ɗoru, amma bai ƙara miƙewa sosai ba, rawar kuma ba ta bar shi ba ko da ya ɗora ido a kyamara. Hoton ɗan giwar ya fito tas, shi ne a allon bakin titi. Kalli-Nan ya ƙara shekara biyu a shago yana kafa kyamara a kan ƙarfe mai ƙafa uku, daga baya ya bar wa babbar 'yarsa aikin. Yanzu yana zaune a gida, yana da jikoki bakwai, kuma bai sake zuwa gandun ba.