Ƙwayar Idon Thaddeus

Shekara bakwai muka yi aiki gida ɗaya da Thaddeus, ni a kicin, shi a mota. Gidan Oga Salisu ne a Gwarimpa, babban ma'aikaci a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya. Ni ce Indo mai girki. Makon jiya na ji matar gidan, Hajiya Rakiya, tana gaya wa sabon direba cewa wanda ya gada mashayi ne, shi ya sa ya kusa kashe mata miji. Shi ya sa na zauna na rubuta abin da idona ya gani.

Thaddeus mutumin wajen Pankshin ne, gajere, mai faɗin kafaɗa. Ya zo Abuja yana kwandasta, ya koyi tuƙi a tasha, ya yi tasi, daga baya wani ya kawo shi gidan Oga. Matarsa Christina da 'ya'yansu uku suna Uke. Shi yana kwana a ɗakin baya, sai yammacin Asabar ya tafi gida, ya dawo asubahin Litinin da warin hayaƙin itace a rigarsa. Hausarsa irin ta can ce, mace da namiji duk "ya" ne. In yana wanke mota yana rera waƙar cocinsu ƙasa-ƙasa, da ya ji kiran salla sai ya yi shiru har a gama. Da azumi ba ya cin abinci a gabanmu, bayan janareta yake zagayawa da kwanonsa.

Ƙanzo yake so. Kullum in na kankare tukunya sai na ajiye masa.

"Mama Indo," in ji shi, "in kin shiga aljanna, ki bar min ƙanzo a bakin get."

"Kai dai ka iso get ɗin tukuna," nake ce masa. Sai ya yi dariya har da buga cinya.

Ya taɓa shan burkutu, wannan gaskiya ne, kuma da bakinsa ya faɗa. Ya ce ranar da ya daina, 'yarsa Kindness ce, tana shekara huɗu, ta tashi a tsakar gidan haya ta kwaikwayi tafiyarsa in ya sha. "Yarinya ya yi tangaɗi na a gaban mutane, kowa yana dariya. Daga ranar na gama, Mama Indo." Tun kafin ya zo gidanmu ne wannan. Abin da ya rage masa shi ne kanumfari, wanda ya maye gurbin ƙwarya da shi, kullum akwai ɗaya a kumatunsa. Kuskurensa ɗaya, a shekararsa ta farko ya ba Hajiya wannan labarin da zuciya ɗaya. Ta adana shi. In ya makara minti biyar, sai ta matso ta shinshina, ta ce kanumfarin nan ba banza ba.

Sai na faɗi wani abu game da kaina, don a gane yadda aka yi na san abin da na sani. Mijina Malam Bello magini ne. Shekara goma sha ɗaya ke nan ya faɗo daga bene a wajen aiki, ya tashi ya kakkaɓe jikinsa, ya dawo gida da ƙafarsa. Ya ce kansa ne ke ciwo, ya kwanta. Na wuni ina yi masa fifita. Na ga baƙin tsakiyar idonsa ɗaya ya fi ɗaya girma, na ce a raina ko duhun ɗaki ne. Da muka kai shi asibiti, likita ya ɗaga fatar idon ya haska tocila, ya ce, "Tun yaushe wannan ya buɗe?" Na ce tun azahar. Ya kashe tocilar kawai, Malam kuwa bai tashi ba. Tun ranar, in ina magana da mutum, tsakiyar idonsa nake kallo. Wasu suna ɗauka rashin kunya ne.

Wata Asabar, bara da damina, Oga ya je duba gonarsa a Kwali. A hanyar dawowa, wajen ƙarfe tara na safe, tayar baya ta fashe, wadda Thaddeus ya yi wata biyu yana cewa a canza. Mota ta juya ta faɗa kwalbati. Kan Thaddeus ya bugi wani ƙarfe a cikin motar, sama da kunnen dama. Ya ce ya ɗan ga duhu, sai kuma ya farka, ya fita ta taga, ya jawo Oga daga baya. Wani mai wucewa ya ɗauki Oga zuwa asibitin kuɗi. Aka yi masa hoton kai, hoton ƙirji, hoton wuya. Ba a samu komai ba sai ƙurjewa a gwiwar hannu. Shi kuwa Thaddeus, abin da Oga ya ce masa kafin ya tafi shi ne, "Tsaya da motar, kada a kwance batir." Ya tsaya a rana har mai jan mota ya zo.

Bayan azahar ya shigo gida. Na ba shi abinci, ya ture.

"Kaina ne, Mama Indo. Kamar ana daka sakwara a ciki."

Na duba idonsa, biyun daidai suke. Na ce ya je asibiti. Ya ce bari ya gaya wa Hajiya. Hajiya ta ba shi farasitamol biyu, ta ce baƙi suna hanya, wa zai shirya motoci a tsakar gida?

Baƙin kuwa suka zo. 'Yan ofis, abokai, 'yan uwa, mata da manyan mayafai, kowa da kwalin lemo. Oga ya zauna a falo da farin bandeji a hannu, ya ɗora shi a kan filo yadda kowa zai gani.

"Barka da arziki, Oga!"

"Kai, Allah ya tsare! Ka ga motar kuwa? Wanda ya fita daga wannan sai sadaka."

Hoton motar yana yawo daga waya zuwa waya. Na shiga da farfesu sau huɗu, na ji labarin sau huɗu, kowane karo motar tana ƙara juyi ɗaya. Mutum guda ne ya ce, "Direban fa?" Oga ya ce, "Ai su ƙarfe ne, ko ƙwarzane bai yi ba." Aka yi dariya, aka miƙa hannu ga nama.

Shi kuwa ƙarfen yana waje yana karɓar makullai, yana cusa motoci goma sha ɗaya a filin da ke ɗaukar biyar. Ta tagar kicin nake hango shi. Na ga makulli ya faɗi daga hannunsa na hagu, ya sunkuya ya ɗauka, ya sake faɗi. Bayan la'asar na ji Bernard maigadi yana cewa, "A'a, a'a, Thaddeus!" Na fita. Ya yi amai a jikin tukunyar fulawar Hajiya, ya zauna dirshan a ƙasa ya jingina da bango, yana wata magana da ba ta fita.

Hajiya ta fito da wasu mata biyu. Ta toshe hanci da gefen mayafi.

"Na faɗa! Ban faɗa ba? Ku ji warin kanumfari. Da ma a buge ya tuƙa min miji. Bernard, ja shi bayan janareta kada baƙi su gani, ka watsa masa ruwa. Indo, kawo tsintsiya."

Ɗaya daga cikin matan ta ce, "Ai irinsu ba sa dainawa." Ta faɗa tana gyara awarwaro.

Na tafi da niyyar ɗauko tsintsiyar, wallahi na tafi. Shekara bakwai ban taɓa mayar wa matar nan magana ba. Amma na tsaya, na dawo na durƙusa a gabansa, na ce, "Thaddeus, dube ni." Bai iya ba. Na sa yatsa na ɗaga fatar idonsa. Na hagu, baƙin tsakiya ƙarami kamar ƙwayar gero. Na dama ya buɗe kamar ƙwayar wake. Na kunna tocilar wayata na haska. Na hagu ya tsuke. Na dama ko motsi.

Na ce, "Hajiya, ba giya ba ce. Jini ne a kansa."

"Yau kuma likita kika zama? Ki share min wurin nan."

A cikin baƙin akwai likita ta gaske, Dakta Nabilah, 'yar yayar Oga, ƙaramar yarinya da ba ta daɗe da fara aiki ba. Na shiga falon maza da mata ba sallama, da zanin girki da warin albasa, na kama hannunta. Cokali na hannunta ma bai ajiyu ba. Na ce, "Zo ki ga ido."

Ta durƙusa a cikin aman da lesinta, ta haska sau ɗaya, ta taɓa gefen kansa inda ya kumbura. Muryarta ta canza.

"Tun yaushe?"

Tambayar da aka yi min shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Na ce, "Da azahar daidai suke. Yanzu ne."

"To akwai sauran lokaci, amma kaɗan. Mota! Yanzu!"

Nan ne na ga abin da har yau nake ƙyama. Motar da ke bakin get babba ce, ta wani abokin Oga. Aka kira shi. Ya fito yana sakace, ya kalli Thaddeus, ya kalli aman, ya ce kujerun motarsa fata ne, kuma jiya aka wanke ta. Wani ya ce a kira motar asibiti mana. Wani ya ce shi ba ya ɗaukar irin wannan, in mutum ya mutu a motarka 'yan sanda ne za su ishe ka. Maza goma sha wani abu, da hulunansu da turarensu, waɗanda suka gama cewa wannan sai sadaka. Oga ya leƙo daga ƙofa da bandejinsa, ya ce, "Nabilah, kin tabbata ba barci kawai yake buƙata ba?"

"Kawu, in ya yi barcin nan ba zai tashi ba."

Motar Nabilah tana can ciki, uku sun tare ta, makullan duka suna aljihun Thaddeus. Ba wanda ya so ya taɓa shi. Ni da tun rasuwar Malam hannuna bai taɓa jikin namiji ba, na zura hannu a aljihun wandonsa na kwaso su, na zube wa Bernard. Shi da Nabilah suka janye motocin. Ni da Bernard muka ɗaga shi. Na zauna a baya, kansa a cinyata, Nabilah ta ce in ɗan ɗaga kan, in juya fuskarsa gefe saboda amai, in riƙa kiran sunansa.

Tana tuƙi tana waya da asibitin da take aiki. Tsakanin waya da waya na tambaye ta me ke faruwa da shi, don na gaji da rashin sani. Ta ce ƙoƙon kai kamar tukunya ce da aka liƙe murfinta. Jijiya ta fashe, jini yana taruwa, ba shi da hanyar fita, sai ya riƙa tura ƙwaƙwalwa ƙasa. In ta gangaro sai ta danne jijiyar da ke tsuke baƙin ido, shi ya sa na gefen ya buɗe. In ta ƙara gangarowa, wurin numfashi za ta danne. Na ce, "Da ma haka ne." Ta ɗauka da ita nake, ni kuwa Malam na tuna.

Na riƙa cewa, "Thaddeus, ga ƙanzo na ajiye maka. Thaddeus, Kindness tana jiranka." Ina yi ina salati. Kafin magariba aka shiga da shi tiyata, suka buɗe ƙashin suka kwashe jinin. Ni na kira Christina.

Ya rayu. Kwana uku bai san inda yake ba, a na huɗu ya nemi ruwa. Hannunsa na hagu bai dawo daidai ba, ƙafar ma yana ja, tuƙi ya ƙare. An gwada jininsa a ranar, babu ɗigon giya, Nabilah ta faɗi haka a falo a gabana. Hajiya ta ce, "To, na ranar ke nan." Da Oga ya yi walimar godiya, na ji shi yana gaya wa mutane cewa Allah ne ya sa ya lura da yaron da wuri. Ina tsaye da tire a bayansa. Ban jefar da tiren ba, kuma ban bar aikin ba, ina da marayu. Wannan ma yana cikin abin da nake jin ƙyama.

Watan jiya na je Uke. Yana zaune a gaban ɗan teburin da Christina ke sayar da tumatir, yana ba da canji da hannu ɗaya, tabon ɗinki ya zagaye gefen kansa kamar lauje. Na miƙa masa ƙanzo a leda. Ya yi dariya, ya kira yara su gaishe ni. Sai ya matso ya rage murya.

"Mama Indo, motar Oga fa? An gyara shi? Batir ɗin yana nan ko? Na tsaya a wurin fa, ban bar kowa ya taɓa ba."

Na ce yana nan. Na kama haɓarsa na juya fuskarsa wajen haske, Christina tana kallo. Biyun daidai suke, ƙanana kamar gero.