Lambar da Inna Ta Haddace

Ni ne ɗan fari a wurin Inna, saboda haka sunana bai taɓa fita daga bakinta ba. Ina yaro "kai" take ce mini, da na fara koyarwa na zama "malamin nan", da na tare a Agege kuma na koma "na Ikko". Amma lambar wayata ta haddace ta tsaf. Ba ta karatu, idonta ya yi rauni, ba ta kuma da waya. Duk Juma'a bayan la'asar sai ta dogara sandarta zuwa ƙofar gida, ta tare duk wanda ta ga alamar yana da waya, ta karanto masa lambar, ta ce ya taɓa ya kashe. Ni kuma da na ga baƙuwar lamba a wannan lokaci sai in kira. Rabin ƙauyenmu sun taɓa tsayawa suna jiran tsohuwa ta gama tambayata ko ana ruwa a Ikko.

Muna cikin haka 'yata, wadda take aikin jinya, ta gaji da ganin ƙaramar wayata mai tocila da na ɗaure da roba. Ta kawo mini sabuwa, faffaɗa, mai manyan haruffa, ta ce ko ba komai zan daina neman tabarau kafin in karanta saƙo. Sai dai irin wadda wani kamfanin waya ke sayarwa da sharaɗi ce, ba ta karɓar layin kowa sai nasa. Na saka nawa, ta ƙi shi cikin ladabi, da Turanci mai kyau.

'Yata ta ce abu ne mai sauƙi, in sayi sabon layi, in aika wa mutane sabuwar lamba. Na ce mata kakarta ba ta cikin mutanen da ake aika wa. Inna ta daɗe da sanar da mu cewa kanta ya cika, abin da ke ciki ma da ƙyar take riƙe da shi. In lambar nan ta mutu, za ta fito ranar Juma'a ta karanta ta, a ce mata ba ta shiga, ta koma ɗaki. Ba kuma za ta aiko a tambayi lafiyata ba, don ba a tambayar lafiyar ɗan fari a gaban mutane.

Wani abokin aikina ne ya gaya mini ana iya ƙaura da lamba daga wannan kamfani zuwa wancan. Na hau motar haya ta danfo zuwa wani ofishin kamfanin waya ta wajen Oshodi da katin ɗan ƙasa a aljihu. Ma'aikaciyar, wata Bayarabiya mai haƙuri, ta buga lambar, ta dubi kwamfuta, ta dube ni, ta sake duban kwamfuta. Sannan ta juyo mini da ita ta ce, Baba, wannan kai ne? Hoton wani ƙaton mutum ne da hula a karkace, yana harara kamar an tashe shi daga barci. Na san shi sarai. Tsohon maƙwabcina ne, dillalin albasa a kasuwar Mile 12.

Nan take abin ya dawo mini. Lokacin da aka ce kowa ya yi rajistar layinsa, a unguwarmu ba kowa ne ya je ya sha rana ba. Wanda zai je sai a tara masa, ya tafi da layuka a tafin hannu kamar gyaɗa. Ni ina fama da makin jarrabawa, na miƙa masa nawa. Daga baya duk sabuwar dokar da ta fito shi yake cika ta ba tare da na sani ba. Layi bai taɓa rufewa ba, ni kuma ban taɓa tambayar dalili ba. Na shafe shekaru ina koya wa yara kada su sa hannu a takardar da ba su karanta ba.

Ma'aikaciyar ta ce sai mai layin ya zo da kansa ya dangwala yatsa, a mayar da shi sunana, kafin a yi maganar ƙaura.

Washegari na shiga Mile 12. Damina ce, taɓo har idon sawu, 'yan dako suna ta ihun a ba su hanya. Mutumin ya bar unguwarmu da daɗewa, sai da na bi rumfa rumfa kafin na same shi zaune kan buhu yana faɗa da wani direba. Da na gama bayani ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

"Malam, ashe duk shekarun nan ni Inna take kira."

Na ce haka hukuma ta ce. Ya ce in gode wa Allah, domin jibi zai bi mota ya tafi gida noma, ba zai dawo ba sai an yi girbi. Da na ƙara kwana biyu ina shawara, da sai dai in bi shi gona.

Muka koma ofishin tare. Ya ɗora babban yatsa, na'ura ta ƙi. Igiyar buhu ta cinye zanen, ya zama sumul kamar bayan cokali. Aka gwada manuni, ta ƙi. Ma'aikaciyar ta ba shi mai ya shafa, ta ce ya hura, ya goga a riga. Muna bin yatsu ɗaya bayan ɗaya, ni ina lissafin waɗanda suka rage. Sai a ƙaramin yatsan hagu na'urar ta yi ƙara ta amince. Ya ɗaga shi sama ya duba da kyau.

"Wannan bai taɓa aikin wahala ba. Shi ne malamin makaranta a cikinsu."

Ranar ko me ya ce daidai ne.

Aka ba ni sabon sim, aka ce in jira tsohon ya ɗauke sannan in saka shi. Ya ɗauke ranar Juma'a da hantsi. Na saka sabon, babu sabis. Na je masallaci, na dawo, babu. In faɗi gaskiya, ban san a kan me liman ya yi huɗuba ba. Na zauna a barandar gida da wayar a cinya ina kallonta. Matata ta wuce da tsintsiya ta ce in kashe in kunna. Na ce ba haka waɗannan suke aiki ba. Da ta shige ciki na kashe na kunna, sabis ya kawo.

Bayan la'asar wayar ta yi ƙara sau ɗaya ta yi shiru. Baƙuwar lamba. Na sha fama kafin na gano inda ake latsawa, na kira. Wani mutum ya ɗauka ya ce ga tsohuwa. Ta tambayi ruwa, ta tambayi yara, ta ce yau muryata kamar ina bayan danga. Na kasa haƙuri, na ba ta labarin duka, wayar, kamfanin, Mile 12, yatsu goma. Ta saurara har na gama.

"Lambar fa?"

"Tana nan, Inna."

"To, me ka sauya?"

Sai na ji tana ce wa mai wayar ya karɓi abarsa, ta gode.