Turaren da ya fitar da gyaɗar Baba rana

Shekarar da na fara koyarwa a Kano, hancina ma ya waye ya fi ƙarfin turaren da muke shafawa ranar Juma'a a ƙauye. A wani ɗan shago na samu wanda ya dace da sabon matsayina. Mai shagon ya ce haɗin zamani ne da Turawa ke kira shifre, kwalabe kaɗan ake yi, ba kowane hanci ke gane shi ba. Wannan maganar ce ta gama da ni. Da farko ƙamshin ɓawon lemo yake yi, in ya zauna a jiki sai ya koma na gansakuka da jiƙaƙƙen itace. Gaskiya ni ma ban gane shi ba, amma na gyaɗa kai kamar da shi aka yi min wanka ina jariri.

Da bazara na je hutu ƙauyenmu, kusa da Tsanyawa. Tsohon ɗakina ya zama ma'ajiya, buhu shida na irin gyaɗar Baba suna jingine a bango, aka bar min wurin katifa. Wannan iri tun daga kakana yake, Baba bai taɓa sayen na kasuwa ba, kuma yana alfahari da haka. Da safe na yi wanka, na feshe jikina, na ƙara wa ɗakin don ya san mai shi ya dawo.

Hadari ya fara haɗuwa a kwanakin, sai Baba ya shigo duba irinsa. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya ja numfashi, fuskarsa ta sauya. Ya kira Inna ya ce ta zo ta ji, danshi ya shiga gyaɗa. Ita ma ta shinshina ta tabbatar, har ta ce funfuna ce.

A nan ya kamata in yi magana. Amma ta yaya malamin birni zai ce turarensa ne ake kira funfuna? Sai na shiga taya su jimami.

Muka fitar da buhunan tsakar gida, muka zazzage a tabarmi. Baba yana ɓarewa yana dubawa, ƙwaya lafiya lau, amma hancinsa bai yarda ba. Abin takaici, duk buhun da na rungumo shi ya fi wari, ga shi zufa ta ƙara tayar da abin. Na koma ina zagaye shi ta inda iska ba za ta kai masa ni ba.

Bayan azahar ya yanke hukunci. Ba zai zuba iri mai shakka a gona ya yi asarar damina ba, gobe a kai wa masu ƙuli-ƙuli, ya sayi wani ranar kasuwa. Ya faɗa a hankali, yana juya ƙwaya ɗaya a tafin hannunsa. Ban taɓa ganin ya tsufa haka ba, kuma kunya ta kama ni sosai.

Na shiga na ɗauko kwalbar, na durƙusa na miƙa masa. Ya shinshina murfin, ya kamo hannun rigata ya shinshina. Inna ta juya baya, kafaɗunta na rawa. Na fara bayanin gansakuka da ɓawon lemo, muryata tana ƙanƙancewa har ta ɓace.

Bai yi faɗa ba. Ya daɗe yana kallon kwalbar, sannan ya ce, “Ni na sa ka makaranta ne don kada ka riƙa wannan warin jiƙaƙƙiyar gona irin nawa. Ashe so kake.”

Ya miƙo min abina, ya ce in kwashe gyaɗar kafin kaji su gama da ita. Ni kaɗai na mayar da buhu shidan.