Gwangwanin Dabinon Malam

Wa ya gaya wa Malam ina zuwa Kalgo? Yau wata biyar da rasuwarsa, na gama takaba, na tambayi kowa a gidan nan, kowa ya rantse ba shi ba ne. Ni ban iya rubutu ba, jikata Hadiza ce ke rubuta wannan, ita ma ban cire ta daga zargi ba.

Duk wanda ya san mijina a Gwandu ya san gwangwaninsa. Da an sallame la'asar zai shimfiɗa tabarma a zaure, ya ajiye gwangwanin dabino tsakanin ƙafafunsa, yaran gida su yi layi. Tambayarsa ɗaya ce: "Mi ka gani, mi ka ji?" Wanda ya kawo labari ya samu dabino guda. Wanda ya ce bai ga kome ba ya koma yana haɗiyar yawu. Da haka ya san wadda ta ƙona tuwo da wadda ta yi tsaki bayan fitarsa.

A wani littafin Turanci ya samo abin, tun yana hedimasta. Wai labarin wata ƙasa ce da hukuma ke horar da yara su riƙa kai ƙarar iyayensu. Da ɗiyarmu Asabe ta yi karatu ta karanta shi, ta zo ta durƙusa ta ce, "Baba, ai wannan littafin gargaɗi ne. Mai shi tsoratar da mutane yake yi."

Ya ce, "Na sani. Su da bulala suka yi nasu, shi ya sa ya lalace. Da sun nemi shawarata, da na ce su sayi dabino."

Da safe kuma akwai hadda. Kafin a sha koko sai ya tsayar da su a tsakar gida. Ya ce, "Wa ke gani?" Su ce, "Malam!" Ya ce, "Wa ke ji?" Su ce, "Malam!" Wata rana limamin unguwa yana wucewa ya jiyo, ya yi sallama ya ce, "Haba Malam, ai wannan siffar Ubangiji ce." Malam ya yi istigfari, ya yi masa godiya. Washegari muka ji gyara: "Bayan Allah, wa ke gani?"

Sau ɗaya abin ya juyo kansa. Likita ya hana shi sukari, Malam ya tara mu ya yi rantsuwa ya bari. Ana nan baƙi suka cika zaure, layi ya zo kan Hadiza, tana 'yar shekara biyar. Ya ce, "Amaryata, mi kika gani?"

Ta ce, "Na ga Malam ya ɓoye sukari cikin hularsa ta Juma'a."

Malam ya kalle ta, ya buɗe gwangwani, ya miƙa mata guda biyu. Ya ce, "Labari mai nauyi ne. Doka ba ta san kaka ba." Daga ranar ya sauya maɓoya.

Mutane suna dariyar wannan, ni ma na yi. Amma ni na zauna cikin gidan. Na ga yara sun koyi ƙirƙiro laifi ran da babu labari. Na ga uwa ta yi shiru don ɗan da ta haifa ya shigo ɗaki.

Ɗanmu na fari, wanda ni da Malam ba ma kama sunansa don kunya, shi ne ya ƙi. Da 'ya'yansa suka isa shiga layi, ya zo ya ce, "Baba, ka yafe mini, nawa ba za su yi wannan ba."

Malam ya ce, "Gidan wa suke kwana?"

Ya ce, "To, zan nema musu wani."

Ya kwashe iyalinsa ya koma Kalgo. Malam ya kafa doka: babu mai zuwa, babu mai aike. Shekara tara ba su gaisa ba. Da yake dama ba ya kiran sunansa, babu wanda ya iya gane inda kunya ta tsaya, inda fushi ya fara.

Ni kuwa uwa ce. Duk wata sai in ce zan tafi Kambaza duba yayata, in ɓoye kwalbar man shanu cikin zane, in zarce Kalgo. Ko busasshen kifinsu ban taɓa yarda na riƙo ba, don kada ƙarninsa ya tona ni. Yaran gida kuma na toshe musu baki da alewa, suka riƙa ci ta gefe biyu, shaiɗanun. In na dawo Malam ya ce, "Yaya mai jiki?" In ce da sauƙi. Yayata da ko ciwon kai ba ta yi, shekara tara tana jinya a bakina. Ina ta jin daɗi wai na fi shi wayo.

Ina kewarsa, ba zan ɓoye ba. La'asar ta yi in ji kamar zan ji ƙarar murfin nan. Kuma ina jin haushinsa har yanzu, domin yaron nan bai riske shi da rai ba, gawarsa ya tarar. Allah Ka gafarta wa bawanKa mai taurin kai, Ka rufa masa asiri ran da za a tambayi kowa abin da ya gani da abin da ya ji.

Ran da zai cika, da hantsi, ya sa aka fitar da kowa. Ya nuna mini gwangwanin a ƙarƙashin gado, na jawo, cike yake. Ya riƙe hannuna a kai ya ce:

"Hajiya, kwalba ɗaya ba ta isar yara biyar, ki daina rowar man shanu. In kin koma Kalgo, ki kai musu wannan. Kada ki tambaye su kome."